Na makale da lissafin tafiya Bali saboda ranar Nyepi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina karatu a Malang, tsibirin Java na ƙasar Indonesiya, kuma na daɗe ina son ganin jerin gwanon ogoh-ogoh, waɗannan manyan dodannin da matasan tsibirin Bali ke ɗauka a kafaɗa suna zagaya gari daren jajibirin Nyepi, wato ranar shiru ta sabuwar shekarar mabiya addinin Hindu na Bali. Har na biya kuɗin ɗaki kwana ɗaya a Denpasar, babban birnin Bali.

Sai jiya mai masaukin ya tuna min cewa ranar Nyepi tun ƙarfe 6 na safe har 6 na safen washegari ba fita, ba kunna fitila a fili, filin jirgin Ngurah Rai a rufe, jirgin ruwan Gilimanuk (Bali) zuwa Ketapang (Java) ma ba ya tashi. 'Yan sintirin gargajiya, pecalang, ba sa ɗaga wa baƙo ƙafa. Ni kuwa ina da jarrabawa kwana biyu bayan bikin, aljihu kuma ba nauyi.

Wanda ya taɓa yi, don Allah: in an tashi daga kallo da daddare, ana iya cimma jirgin ƙarshe a Gilimanuk? Ko dai in haƙura in ƙara kwana, in tanadi abincin halal tun da rana?