Muryata da jita suna fita kamar daga cikin rijiya, in sauya makirfo ne?

Ishaku, Tudun Wada: Barkanmu da yamma, 'yan uwa. Ina rera waƙa da jitar katako, wadda ba a haɗa ta da wuta, kuma a ɗakina nake ɗauka. Kayan aikina laftof, saunkad Scarlett Solo (akwatin da ke haɗa makirfo da laftof), makirfo AT2020, sai manhajar Audacity. Idan ina kaɗawa komai lafiya lau a kunnena, amma da na kunna abin da na ɗauka sai in ji muryar ta yi nisa, jitar tana ta "bum-bum" tana danne kalmomi, ga wani gunji a ƙasa da ba ya tsayawa. Ɗakin tayil ne, bangon siminti, rufin kwano. Makirfon ina kafa shi daidai ramin jita, in yi waƙa da kiɗa lokaci guda. Wani abokina ya ce makirfon ne ƙarami, in tara kuɗi in sayi babba. Kafin in taɓa aljihu nake neman shawararku.

Baban Nana, Bukuru: Ƙanena, riƙe kuɗinka tukuna. Makirfon nan ya isa a yi aiki mai kyau da shi. Irinsa kwandensa ne, kunnensa kaifi gare shi, duk abin da ɗaki ya mayar masa sai ya kwashe. Tayil da siminti ba sa shan sauti, mayar da shi suke yi, to muryarka tana shiga makirfon kai tsaye, sannan ta sake shiga bayan ta daki bango da ƙasa. Wannan amsa-kuwwar ce ke sa ka ji ka yi nisa. Ka sayi mai tsada yau, gobe zai ɗauko maka ɗakin nan fiye da yadda wannan yake yi.

Tsaya a tsakiyar ɗakin ka tafa hannu sau ɗaya. In ka ji wata 'yar ƙara tana biyo baya, ka gano ɓarawon. Shimfiɗa kafet ko bargo mai kauri a inda za ka zauna. Jingine katifa a bango, ka zauna ka ba ta baya. Mutane da yawa bayan makirfo suke toshewa, alhali irin naka gabansa yake ji, bayansa kusan kurma ne. Abin da ke bayanka kai mai waƙa shi yake kallo. Kada ka zauna a kusurwa, can ne sautin ƙasa ke taruwa. Idan kana da wadrof cike da kaya, buɗe shi, shi ma yana shan sauti.

Sai maganar rami. Ɗauke makirfon daga nan. Ramin jita iska mai nauyi yake fitarwa, ita ce "bum-bum" ɗin. Mayar da shi wajen gaɓa ta 12, kusa da inda wuyan jita ya haɗu da jikinta, nisan santimita 20 zuwa 30. Sa hedifon a kunne, ka riƙa matsar da shi kaɗan-kaɗan kana kaɗawa har ka ji inda ya yi maka. Kuma duba: AT2020 ta gefe yake ɗauka, ɓangaren da tambarin kamfanin yake shi ne gaba. Na sha ganin yara suna waƙa ta saman kansa.

Ɗan Rikkos: A samo kiret ɗin ƙwai a manna a bango, a kasuwar Taminus ma za a samu da arha. Haka na ga ana yi.

Baban Nana: Ana yi, amma ba ya aiki, ɗana. Takarda ce siririya, sautin ƙasa ratsa ta yake yi ya wuce, ga kyankyasai, ga haɗarin gobara. Bargo biyu sun fi kiret ɗari.

Rifkatu, Rayfield: Yaya Ishaku, ni gunjin zan taɓa. Cire cajar laftof daga soket, ka ɗauka da batir kawai, ka saurara. Sau da yawa nan take yake ɓacewa. Wutarmu a Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, shi ya sa gunjin ke zama a 50Hz da ninkinsa, 100 da 150, musamman a gidan da wayarsa ba ta da layin ƙasa mai kyau ko ana kan janareta. In bai tafi ba, gwada wata wayar makirfo, kuma kada ta kwanta a kan wayar wuta. Kashe fanka, kashe firji in yana kusa. A Audacity akwai Notch Filter, mai yanke sauti guda ɗaya, da za ka sa a 50, amma gara ka hana gunjin shiga tun farko. Noise Reduction kuwa, mai rage hayaniya, a yi hankali da shi, in ya yi yawa muryar ta lalace, ta riƙa wani kyarma.

Lokaci ma yana da nasa. Ni da sassafe nake ɗauka, kafin 'yan keke su fito, maƙwabta ba su tada inji ba. Da damina kuwa, in ruwa ya sauka a kan kwano, ka rufe laftof ka sha shayi.

Malam Sabo, Anguwan Rogo: Duk sun yi magana a kan na'ura, ba wanda ya tambayi lafiyar jitar. Yaushe rabonka da sauya tsirkiya? Tsohuwar tsirkiya sautinta a dushe yake, babu manhajar da za ta dawo da shi. Sannan hunturun Jos ba ya wasa da katako. Jita tana son danshin iska wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, lokacin sanyi kuwa iskarmu ta fi haka bushewa nesa ba kusa ba. Katakon ya tsuke, tsirkiya ta sauko tana gogar ƙarafan wuya tana "zzz", wani lokaci fuskar ma ta tsage. Ajiye ta a jakarta, ka jiƙa soso ka matse sosai, ka sa a 'yar roba mai huji ka jefa ciki, kada ruwa ya taɓa katakon. Kuma ka saita tsirkiya kafin kowace ɗauka.

Ishaku: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na cire caja yanzun nan, gunjin ya ragu sosai. Amma Baba, in na mayar da makirfon wuyan jita, muryata fa? Ai ta ƙara nisa.

Baban Nana: Nan ne za ka zaɓa. Saunkad ɗinka makirfo ɗaya yake karɓa, don haka hanya mafi tsafta ita ce ka raba: ɗauki jita ita kaɗai, sannan ka sa hedifon mai rufe kunne ka ɗora murya a layi na biyu, bakinka kamar taƙi ɗaya daga makirfo. Sa matacin iska a tsakani saboda "fa" da "ba". In babu, safa siririya a kan lanƙwasasshiyar hanga ta wadatar. Danna maɓallin Direct Monitor na jikin saunkad don kada ka ji muryarka tana makara. Ƙarfin shiga kuma kada ka cika shi: inda ka fi ɗaga murya ya tsaya wajen -12dB zuwa -6dB a ma'aunin ƙarfin sauti. In ma'aunin ya taɓa ja, sautin ya fashe, ba gyara. Bayan ɗauka, yanke abin da ke ƙasa da 80Hz a muryar. A jita ka yi a hankali, don tsirkiyarta mafi kauri tana wajen 82Hz ne.

Rifkatu: Baba, a nan kam ban bi ka ba gaba ɗaya. Akwai mawaƙan da in aka raba su da jitarsu, waƙar ta mutu, numfashinsu da hannunsu tare suke tafiya. Yaya Ishaku, in kana cikinsu, bar makirfo ɗaya ɗin, ka ɗaga shi tsakanin haɓarka da wuyan jita, nisan kamar santimita 40. Murya ta yi ƙasa, ɗaga shi sama kaɗan. Jita ta yi ƙasa, sauke shi. Sai dai fa da yake ya yi nisa, ɗakin zai fi shiga, katifar nan ta zama dole.

Baban Nana: Gaskiyarki, 'yata. To ya gwada duka biyun a baiti ɗaya, ya turo mana nan ba tare da ya sa musu komai ba. Ishaku, ka saurare su a lasifikar waya ma kafin ka turo, don a nan yawancin mutane za su ji waƙarka.