Mai gida ya ce na yi masa ƙari a kuɗin wayar lantarki: yaya kuke yi?

Sabon Hannu:
Assalamu alaikum iyayen gida. Idan aka ba mutum aikin wayarin (haɗa wayoyin lantarki a gida), ya rubuta kaya, sai mai gida ya leƙa kasuwa ya dawo yana cewa farashin da ya gani bai kai naka ba, me ake ce masa? Kuma ƙari a kan kaya ya halatta, ko ladan aiki kawai ake ci?

Mai Fulaya:
Wa'alaikumus salam ƙanena. Kafin ka taɓa kuɗinsa ku fayyace matsayinka. In aikenka ya yi da kuɗinsa, kai wakili ne: abin da ka saya shi za ka faɗa, ka miƙa masa rasit da canji. In kuwa kai ka ɗauki kawo kaya a kan farashin da kuka daidaita, ciniki ne, ribarka halal ce, amma in waya ta yi tsada gobe ko ta gaza, asarar taka ce. Rigima tana tashi ne inda mutum ya karɓi kuɗi a matsayin ɗan aike, ya ci riba irin ta ɗan kasuwa.

A takardarka raba gida uku: kaya, sufuri da dako, ladan aiki. Yinin da ka kashe a kasuwa da kuɗin a-kori-kura ka rubuta su da sunansu, kada ka cusa su cikin farashin soket. Ka sa kwanan wata, ka ce lissafin na kwana uku ne ko mako guda, don kayan lantarki suna bin dala.

Baban Soket:
Sau da yawa ba kaya ɗaya ake kwatantawa ba. Mai gida ya ji "waya 2.5" (lambar kaurin waya ke nan) ya tsaya nan. Ka rubuta suna, kauri da tsawo: 1.5 na fitilu, 2.5 na soket, 4 na AC da hita. Sannan ka yanko taƙi ɗaya daga mai arahar, ka kankare da wuƙa a gabansa. In fari ya fito ƙarƙashin jan, alminiyom ne aka shafe da tagulla; ba ta ɗaukar lodin tagulla zalla, tana zafi a mahaɗa har bakin soket ya narke. Wani naɗin kuma an rubuta mita 100, in ka ja awo bai cika ba.

In ya dage, ba shi jerin ya sayo da kansa, ka ƙara ladan aikinka, ka rubuta cewa garantinka a kan haɗi ne kawai. Ka gaya masa in kaya suka yanke ana tsakiyar aiki, yinin da yara suka zauna shi zai biya.

Mai Fulaya:
Saura rangwamen da mai shago yake yi maka don kai kwastomansa ne. In da kuɗin mai gida ka saya, faɗa masa. Masu gida da dama za su ce riƙe.

Injiniya Ƙarami:
Malam, a nan na ɗan saɓa maka. Rangwamen nan da ƙafarka ka same shi, kuma kai ake kira in bireka (na'urar da ke yanke wuta in lodi ya yi yawa) ta ƙone bayan wata biyu. Ka sanya shi a sharaɗi tun farko: kashi kaza na kuɗin kaya ladan sayayya ne. Abin da ba ya gyaruwa shi ne sa yaron shago ya ƙara lamba a rasit. Mai gida zai koma shagon nan wata rana sayen kwan fitila, ya tambayi farashi.