Mitar ruwana tana ƙirga abin da tanki bai gani ba

Mai tambaya, daga Gusau:
Assalamu alaikum. Ina neman shawararku kan lamarin da ya hana ni barci. Shekara 3 da suka wuce na haƙa rijiyar burtsatse a filin da mahaifinmu ya bar mana, bayan doguwar taƙaddama da yayana wanda ya so a sayar a raba kuɗin, har sai da kawunmu ya shiga tsakani aka amince in haƙa bisa sharaɗin zan riƙa ba shi kashi ɗaya cikin uku na cinikin. Don kada a zargi juna na sayo mitar ruwa mai farfela. Babban mai sayen ruwana maƙwabcina ne mai buga bulo, tankinsa na lita 10,000 ne, amma duk lokacin da muka cika shi daga ƙasa sai mita ta nuna 11,500, wata rana har 12,000. Shi yana cewa ina cutarsa, yayana kuma ya kafe cewa a lissafa masa kasonsa bisa abin da mita ta nuna. Mitar sabuwa ce. Yaya zan yi?

Mai aikin famfo, daga Kauran Namoda:
Alhaji, ka ba mu labarin gado amma ba ka faɗi kaurin bututun ba, ba ka kuma faɗi inda aka ɗaura mitar ba. Haka masu rijiya suke yi mana kullum, su gina ɗaki kamar akurki kafin su kira mu, idan lissafi ya rikice a ce mu ne ba mu iya aiki ba.

Injiniya, daga Birnin Kebbi:
Malam, ina da yaƙinin laifin ba na mitar ba ne. A masana'anta an gwada ta ne da ruwan da ke tafiya miƙe a cikin bututu cike, wanda ya fi sauri a tsakiya ya fi jinkiri a jikin bango. Idan ruwa ya fito daga gwiwa, wato inda bututu ya lanƙwasa, sai ƙarfinsa ya karkata gefe ɗaya, idan kuwa gwiwa biyu ce a jere kowace ta fuskanci wani ɓangare daban, yakan fito yana murɗawa kamar igiya, ya riski farfelar a haka, ta yi gudun da bai dace da yawan ruwan ba. Shi ya sa ƙa'idar da aka saba bi ita ce a bar miƙaƙƙen bututu mai tsawon faɗinsa sau 10 kafin mita, da sau 5 bayanta.

Mai tambaya:
Na gode, Injiniya. Bututun inci 3 ne, kuma gaskiya akwai gwiwa biyu dab da mitar, da bawul (makunnin ruwa) kafin ruwa ya iso ta, wanda muke rufewa rabi idan ruwan ya fara fizga. Amma wanda ya ɗaura mani ya shekara 20 yana wannan aiki, kuma a saman ɗakin rijiyar ya sa ta don kada yara su taɓa, daga nan bututun ya gangara zuwa tankin maƙwabcin. Ban ga kuskurensa ba.

Injiniya:
Ai ka faɗi ciwon da bakinka. Inci 3 yana buƙatar inci 30 miƙe kafin mita da inci 15 bayanta, kuma bayan gwiwa biyu ma wannan yana iya kasawa. Bawul ɗin da ake rufewa rabi ya fi gwiwa ɓarna, domin yana tsirto ruwan ne ta gefe ɗaya. Wurinsa bayan mita ne. A fasa bangon ɗakin a ƙara tsawo, magana ta ƙare.

Hajiya mai gidan ruwan leda, daga Jega:
Injiniya, ka yi haƙuri, ban yarda murɗawa kaɗai za ta kawo bambancin lita 2,000 ba. Ku lura ya ce ruwan yana fizga, kuma mitar tana can sama inda iska ke taruwa. Farfela ba ta bambance iska da ruwa, duk abin da ya wuce juya ta yake yi. Ni na yi wata da watanni ina biyan kuɗin iska ga wanda ke ba ni ruwa, musamman a bazara lokacin da ruwan rijiya ke ja da baya famfo ya riƙa zuƙar iska, kuma har yau bai mayar mani da ko sisi ba. Ƙanena, ka sauko da ita ƙasa, ko ka sa ta a bututun da ruwa ke hawa sama idan irinta ta yarda da hakan, ka kuma sa bawul mai fitar da iska.

Manomi, daga Talata Mafara:
Mu da ke shan ruwan Bakolori mun san abin da yashi ke yi wa farfela: cinye ta yake yi har ta koma ƙirga ƙasa da gaskiya. Ko ka gyara yau, baɗi yayanka ne zai yi kuka. Ka sayi mai aiki da maganaɗisu, wadda ba ta da abin da ke juyawa a cikinta.

Injiniya:
Ita ma mai maganaɗisun sai bututu ya cika take faɗin gaskiya, kuma tana son miƙaƙƙen wuri, ko da yake bai kai na mai farfela ba. Maganar Hajiya ba ta rushe tawa ba. A fara da bango.

Mai aikin famfo:
Kafin a fasa komai, a samo duro mai lita 200 a cika shi sau 5 ta cikin mitar, da bawul a buɗe gaba ɗaya, sannan a maimaita da shi a rufe rabi, a ga bambancin.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Sai dai bangon da ake cewa in fasa shi ne iyakata da fegin yayana, ba zai yarda ba, kuma da damina ma mitar takan yi ƙari, don haka ban ga kamar iska ba ce. Babu wata hanya da za a daidaita lambobin mitar kawai, a bar bututun yadda yake?