Tuffata tana ruɓewa daga gindi, wa ya taɓa ganin haka a Legas?

Mai dashe a Ikorodu: Salamu alaikum. Dashen tuffa da aka kawo mini daga Jos ya fara lalacewa tun ruwan watan Yuni. Ɓawon gindin ya yi baƙi ya yi laushi, ganye na zuba. Maƙwabcina ya ce in shafa baƙin mai. Don Allah wanda ya taɓa gani ya taimaka, bishiyar nan ta shiga raina.

Dattijo daga Agege: Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka kusanto da baƙin mai, ƙona ɓawo yake yi. Tona gindin da hannu ka duba. Tawa haka ta yi, ashe ruwa ne ke kwana a saiwar. Tuffa ba ta jure ƙasa mai riƙe ruwa, ga daminar Legas ba ta barin ƙasa ta sha iska. Na ja mata magudana, na janye ƙasar da ta rufe wurin auren, wato inda aka haɗa reshen dashen da gindi mai saiwa, domin dole wurin ya zauna a sama. Na kankare ruɓaɓɓen ɓawon da wuƙa mai tsabta har na kai ga lafiyayye, na bar shi ya bushe. Ta farfaɗo, amma fa ruɓar ba ta zagaye gindin ba. In ta zagaye, sai haƙuri.

Maman yara, Idi-Araba: Baba ya faɗi gaskiya, a bar ciwon ya bushe. A gidanmu na Gembu iska ta karya reshen wata bishiya, wurin ya zama kogo, aka cika shi da siminti. Danshi ya taru a ciki, gara ta samu gida. Wadda aka yanke wa reshe da zarto dab da kumburin gindinsa, aka ƙyale ta, da kanta ta rufe ciwon.

Ɗan kasuwar Mile 12: Malam, wane iri ce? Tuffa sanyi take so, shi ya sa ta fi yi a Filato da Mambila. Irin Anna da Dorsett Golden ne ke haƙuri da ƙarancin sanyi. Tawa tana raye, ganye shar, amma fure kaɗan take yi.

Mai dashe a Ikorodu: Anna ce, Alhaji. Baba, na tona yanzu, ɓari ɗaya ne ya ruɓe, ɗayan da sauran kore. In zuba taki?

Dattijo daga Agege: Dakata da taki sai ta fitar da sabon toho. Ka goge wuƙar da sifirit kafin ka taɓa wata bishiya.