Muhawara: Wai F-350 ta fi Land Cruiser 79 a aikin daji?

Mai Gona: Assalamu alaikum. Ɗana da ke karatu a Amurka ya dage sai in bar zancen Land Cruiser 79 in sayo Ford F-350. Ya ce a can ko Hilux ba a sayarwa, manoma da F-350 ko Ram 3500 suke jan tirelar shanu, kuma Toyota sabo kawai muka yi da ita. Gonata tana wajen Gembu, kun san hanyar Mambila da damina. Na fara yarda da shi. Me kuka gani?

Ɗan Kwangila: Wa alaikumus salam, Alhaji. Yaron ya yi gaskiya. Injin Power Stroke na F-350 lita 6.7 ne, silinda takwas, ƙarfinsa ya haura doki 400. Tsohon injin 1HZ na Land Cruiser lita 4.2 ne, babu turbo, dokinsa 130 ma bai cika ba. Hilux kuwa tan 3.5 ne iyakar abin da aka yarje mata ta ja, lodinta kusan tan ɗaya. F-350 mai taya huɗu a baya tana jan sama da tan 15. Ina haɗin kifi da kaska?

Bakaniken Ƙofar Ruwa: Yallaɓai, lissafinka daidai ne, amma a kan kwalta. Tambayar da zan yi wa Alhaji ɗaya ce: wane man gas zai zuba mata? An ƙera waɗannan injinan ne don man Amurka mai sulfa kaɗan ƙwarai. Suna da matatar hayaƙi a salansa, suna kuma shan wani ruwa na daban, AdBlue. Ruwan nan ya ƙare, kwamfutar motar da kanta take rage mata gudu. Man jarka mai ɗan ruwa ko ƙasa ya shiga, famfo da nozul sun tafi. Na taɓa ajiye wata Ram a garejina wata biyu cur ana jiran sensa ɗaya daga waje, mai ita kullum yana zuwa yana shafa ta. 1HZ kuwa famfonsa na ƙarfe ne zalla, ba ruwansa da kwamfuta. Yaron da ya yi shekara uku a hannuna zai kwance shi a gindin bishiya ya ɗaura.

Ɗan Kwangila: To, Malam, wannan laifin man ne da kasuwarmu, ba na mota ba.

Bakaniken Ƙofar Ruwa: Ai ba a Amurka Alhaji zai tuƙa ta ba.

Direban Agadas: Bari in sa baki, don mu rairayi ne abincinmu. Daga Agadas zuwa Dirku ka ratsa hamadar Tenere, sama da kilomita 500 ba gareji ba inuwa. Tun da aka samu zinariya a Jado a 2014, ku je ku ga abin da ke ɗaukar ruwa da gazuwal, wato man gas, da mutane zuwa can: Land Cruiser da Hilux, sai manyan motoci. F-350 ba kaya ma ta wuce tan uku. Ga tsawo. A kan tudun yashi cikinta ne zai zauna, tayoyi na juyawa a banza, kuma idan ta kafe wa zai jawo ta? Mu in mun kafe sai mu rage iskar taya, mu shimfiɗa ƙarfe, mutum biyar su tura. Kuma kar a manta da yaƙin Cadi da Libiya a 1987, a garin Fada, da waɗannan Toyota ɗin aka tarwatsa tankoki.

Ɗan Kwangila: Yaƙi daban, dakon masara daban, ɗan'uwa. Kuma ku faɗi aibunta mana. 79 kujerarta kamar benci, in ba lodi bayanta sai ta karya maka ƙugu, a hawan dutse da kaya 1HZ rarrafe yake yi. Ga tsada kamar me.

Direban Agadas: Ban musa ba. Ƙuguna shaida ne. Amma rarrafen nan yana kai ni gida.

Hajiya Mai Hatsi: Ku gafarce ni, duk kun tsallake Hilux. Ni da ita nake kwaso kaya daga ƙauyuka zuwa Dawanau. Tawa mai fetur ce, lita 2.7, kayan gyaranta har a ƙaramar kasuwa akwai. Alhaji, buhu nawa kake fitarwa a sahu ɗaya? In goma ne, me za ka yi da motar tan 15? In kuma ɗari ne, ai Canter ko DAF kake nema.

Bakaniken Ƙofar Ruwa: Hajiya ta taɓo wurin. Sai dai ƙafar gaban Hilux mai gaɓoɓi ce, kowace taya da nata hannun, ramuka suna cin bushin da boljoyin da wuri. Ta 79 sanda ɗaya ce miƙaƙƙiya, ta fi jure duka. Sabuwar Hilux mai man gas 2.8 ita ma ba ta son gurɓataccen mai, kuma tun 2023 an fara sa wannan injin a 79 ɗin, don haka a duba da kyau kafin a biya.

Mai Gona: Na gode ƙwarai. Buhu goma sha biyu zuwa sha biyar nake ɗauka, kuma laka ce matsalata, ba yashi ba. Malam bakanike, in na samu 79 mai 1HZ ta hannu, me zan fara dubawa?

Bakaniken Ƙofar Ruwa: Shasi tukuna, ranka ya daɗe, ko an taɓa yi masa walda. Sannan ka tayar da ita da sanyin safiya ka kalli hayaƙin.