An rage mu a makaranta bayan shekara bakwai, ina da haƙƙin kuɗin sallama?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Ni malama ce a wata makarantar kuɗi a nan Kano. Na fara da su a 2018, lokacin aji huɗu ne kacal, ginin ko filasta ba a yi masa ba. Hajiyar da ke da makarantar ƙawar gwaggona ce tun suna 'yan mata, ita da kanta ta aiko a kira ni. Da dubu 15 na fara. Ni na riƙe aji uku shekara biyar, ni ke haɗa sakamakon jarrabawa, in bikin yaye ɗalibai ya zo ni ke zama har magariba ina koya wa yara fareti. Da aka rufe makarantu lokacin korona a 2020 ko sisi ba a ba mu ba, ban ce uffan ba. Haihuwar Ilham ma ban yi arba'in ba na koma, saboda jarrabawa ta ƙarato.

Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 yara suke ta raguwa, iyaye na mayar da su makarantun gwamnati. Ranar da aka yi hutun ƙarshen zango Hajiya ta tara mu ta ce za a haɗe azuzuwa, an rage mu biyar. Aka miƙo min ambulan da dubu 30, wai na sabulu. Albashina dubu 48 ne, na watan Yuli ma bai shigo ba. Wadda aka bar wa ajina bara ta zo. Maigida ya ce in bar wa Allah, amma kuɗin haya na nan tafe. Shin doka ta tanadi wani abu ga wanda aka rage?

Ummu Sadik: Wa alaikumus salam. Allah sarki 'yar'uwa, Allah ya musanya miki da mafi alheri. Ni shekara huɗu na yi a wata makarantar, ranar da na nemi ƙarin dubu biyar aka ce in na gaji ga ƙofa nan. Yanzu ɗinki nake a gida, wallahi hankalina ya fi kwanciya.

Kwamared: Malama, wane irin bar wa Allah? Allah ne ya ce a ci gumin mutum? Na yi shekaru ina harkar ƙungiya, ki saurare ni. Sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ya yi magana a kan rage ma'aikata ƙarara. Sai mai aiki ya sanar da ƙungiya ko wakilin ma'aikata dalilin ragewar da yawan waɗanda za ta shafa. Wanda ya zo ƙarshe shi ke fara tafiya. Sannan a zauna a tattauna kuɗin sallama. Sashe na 11 kuma ya ce duk wanda ya kai shekara biyar, notis ɗin wata guda za a ba shi, ko a biya shi a madadinsa. Ke an sallame ki rana ɗaya, an bar 'yar bara. Lissafinki mai sauƙi ne: albashin wata ɗaya kan kowace shekara, bakwai sau 48, dubu 336. Ɗora na Yuli da na notis. Ki tafi Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, tana da reshe a Kano.

Maman Ilham: Kotu kuma, Yaya? Matar nan ita ta biya kuɗin asibiti lokacin da mahaifiyata ta kwanta. Da wane ido zan kalli gwaggo? Ni ba rigima nake nema ba, sani kawai nake son yi.

Kwamared: Sanin da ba za a yi aiki da shi ba meye amfaninsa? Da wannan kunyar suke cin ku.

Barista: Kwamared, a yi gyara kaɗan. Sashe na 20 bai yanke adadi ba. Cewa ya yi mai aiki ya yi bakin ƙoƙarinsa wajen tattauna biyan, shi ke nan. Wata ɗaya kan kowace shekara, in ka taɓa ganinsa, a yarjejeniyar wata ƙungiya ka gani ko a takardar aikin wani. Batun na ƙarshe ya fara tafiya ma an gindaya masa ƙwarewa da cancanta da riƙon amana, mai makaranta na iya fakewa a nan. Ga kuma sashe na 91: ma'aikacin da dokar ke nufi bai haɗa da masu aikin gudanarwa da na ƙwararru ba, lauyan makaranta zai iya cewa malami yana cikinsu. In haka ta faru, takardar ɗaukar aiki ce madogara. Albashin Yuli dai bashi ne, babu jayayya. Malama, kina da takardar ɗaukar aiki? Ta banki ake biyan ki ko a hannu? Kin sa hannu a wani abu ranar?

Maman Ilham: Ranki ya daɗe, ba a ba kowa takarda ba, mu da baki aka ɗauke mu. Da a hannu ake biya, daga 2022 aka koma turawa ta banki. Takarda kam na sa hannu a guda ɗaya, sakatare ya ce ta ajiye aiki ce, in ba ita ba za a ba ni takardar shaidar aiki ba.

Kwamared: Innalillahi! Kin rubuta cewa ke kika ajiye aiki? Shi ne ba ki faɗa ba tun farko, kika tsaya ba mu labarin fareti?

Maman Ilham: Ba ni na rubuta ba, a buge aka kawo ta. Kuma dukkanmu biyar muka sa, ba ni kaɗai ba. Kai da kake gaban mutuniyar da ta girmi uwarka, ana jiran ka da biro, za ka ce a'a? Ina bukatar shaidar don neman wani aikin.

Baban Khalifa: Ku bari mu ma a ji ta bakinmu. Ina da 'yar ƙaramar makaranta. Kullum mu ne azzalumai, amma wa ya san abin da muke gani? Hayar gini ta ninka, ga haraji kala-kala, ga masu zuwa duba makaranta. Uba zai tara bashin zango uku, ka kori ɗansa ya kai ƙararka wajen mai unguwa, daga baya ya kwashe yaran ya kai wata makarantar. Mafi ƙarancin albashi na dubu 70 da aka sa wa hannu a 2024, ku tambayi ƙungiyar masu makarantun kuɗi, NAPPS, mutum nawa ke iya biya. Ni bara motata na sayar na biya malamai. Wannan Hajiyar da ta ba da dubu 30 ma ta yi ƙoƙari.

Kwamared: Alhaji, in ba za ka iya biya ba ka buɗe shagon kayan masarufi. Dokar mafi ƙarancin albashin ma ai ta ɗauke wa mai ma'aikata ƙasa da 25, me kake kuka a kai? Malama, kar takardar nan ta karya miki gwiwa. Ku biyar ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wane alƙali ne zai yarda mutum biyar sun ajiye aiki rana ɗaya, da rubutu iri ɗaya? Kuma ina fansho? In ma'aikata sun kai 15, dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 a albashinki, su ɗora kashi 10. Wanda ya rasa aiki ya yi wata huɗu bai samu wani ba yana iya cirar kashi 25 na abin da ya taru.

Maman Ilham: Mu 19 ne har da maigadi, amma ban taɓa jin zancen fansho ba. Adashi muke yi.

Hajiya Babba: 'Yata, ki ji maganar manya. Kotu sai ki shekara biyu kina sintiri, kuɗin mota kaɗai ya cinye abin da kike bi, zumunci kuma ya tafi. Ki ɗauki gwaggonki ku je gida ku same ta. Hadisi ne a biya ma'aikaci kafin guminsa ya bushe, ita ma ta sani. In ta ƙi, Hisbah na yin sulhu irin wannan.

Barista: Akwai hanya tsakanin biyun. Ki fitar da bayanan asusunki daga 2022, shi ne shaidar kin yi aiki da nawa ake biyan ki. Ki nemi kwafin takardar da kika sa wa hannu. Ki rubuta wasiƙa cikin ladabi kina neman albashin Yuli da na notis, ki riƙe kwafi. In shiru, ofishin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya da ke jiha yana kiran ɓangarori biyu a sasanta.

Ummu Sadik: Ƙungiyar malamai ta ƙasa, NUT, fa? Ba aikinsu ba ne?

Kwamared: NUT ƙarfinta a makarantun gwamnati yake. Can ma lokacin da aka sallami malaman firamare sama da dubu 21 a Kaduna, yajin aikin da aka yi ya hana? Malamin makarantar kuɗi maraya ne, shi ya sa nake cewa kotu.

Maman Ilham: Na gode muku duka. Wasiƙa dai ina ganin za ta ɗauka na kai ta ƙara. Jiya da daddare ta kira gwaggo ta ce in yara suka ƙaru a watan Satumba ni za a fara kira. Biyu daga cikinmu ma sun ce ba ruwansu da wata magana. Ina ganin zan jira a koma hutu tukuna.

Kwamared: Ta ce miki a kan albashi nawa? A rubuce ko da baki?

Baban Khalifa: Malama, wane darasi kike koyarwa? Ina neman mai lissafi, amma dubu 35 zan iya.