Shawarwari kan gane ƙananan halittun akwatin kifi

Masu kiwon kifi a akwatin gilashi sukan ce, don gane ƙananan halittun da ke ciki, gara a tsotso ɗigo daga dattin ƙasan akwatin ko a matse soson tace ruwa, a duba da maikuroskof (na'urar ƙara girman ƙananan abubuwa a ido) a ninki 40 kafin a kai 100. Motsi da siffa ne ke bayyana halitta. Dafniya tsalle-tsalle take yi, saiklof ido ɗaya gare shi kuma macensa na jan jakunkunan ƙwai biyu, botisela kuwa tana maƙale da siririn tsinke mai nannaɗewa idan an taɓa ta. Yawancinsu abincin kifi ne, amma haidira, wata ƙaramar halitta mai siraran hannaye masu harbi, tana cin 'ya'yan kifi. Idan waɗannan halittu suka yi yawa, a fara rage abincin da ake ba kifi, domin farawa da zuba magani garaje ne.